Ranar da Wincin Baba Ya Yi Shiru

Sule Tankarkar,
Laraba da yamma.

Zuwa ga Yayana Abdulmuhaimin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Ikko lafiya. Ya gajiyar hanya, ya aiki? Iya tana gaishe ka. Baffa Ubale ma yana gaishe ka, ya ce hular da ka manta a zaure ta zama tasa. Baba bai ce a gaishe ka ba, ka dai san shi. Da na ce zan rubuta maka takarda, sai ya kau da kai ya ce, "To, a tambayi wancan na bakin teku ko ya sauka lafiya."

Na zaɓi takarda ne don a waya ba na iya magana. In Iya ta miƙo mini wayar, kowa a tsakar gida sai ya zuba mini ido, sai in ji bakina ya mutu. Abdulbaƙi direba ya ce duk ranar kasuwar Maigatari, in ya ɗauki shanu zuwa Ikko, zai tafi maka da ita. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji shida na tsaya.

Yaya, wincin da ka kawo wa Baba, ƙarfen jan igiyar nan, ya yi aiki. Maƙeri ya kafa shi a kan dirkar ƙarfe kamar yadda ka zana masa, aka gwada shi a rijiyar unguwarmu. Ka tuna da, in Baba zai shiga yasar rijiya, sai an nemo maza shida su riƙe igiya, suna ja suna faɗa da juna. Yanzu an naɗa igiyar a jikin wincin, Baffa Ubale shi kaɗai yake juya hannun, wani ya riƙe jelar igiyar, sai ga Baba ya fito kamar guga. In Baffa ya gaji ya saki hannun, igiyar ba ta komawa. Baffa ya ce, "Wannan 'yar tukunyar ƙarfe ta kori mutum huɗu daga aiki, saura ta nemi aure." Har mata suka leƙo ta katanga suna kallo.

Jiya na kwance shi ni kaɗai, kamar yadda ka koya mini. Na ari babban farantin Iya don kada kayan su faɗa cikin yashi. Na jera su bi da bi, na wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na shanya. Na shafa giris kaɗan a jikin masu haƙoran. Ƙananan harsunan ƙarfen nan biyu kuma ban bari giris ya taɓa su ba, man keken ɗinki na roƙo a wajen Rahamatu tela na ɗiga musu. Ɗan sifirin ɗaya, 'yar wayar da ke tura harshe, ya yi tsalle ya ɓata, na yi ta nema har na fara hawaye, ashe yana cikin zanina. Da na mayar da komai na juya, sai ya ce ƙas-ƙas-ƙas. Na ji daɗi ƙwarai.

Sai dai Baba ba ya son wannan ƙarar. Ya ce a cikin rijiya yana jin ta a kansa kamar ana ƙirga masa kwana. Ba za a iya rage ta ba?

Ka gaida mutanen jirgin ruwanku. Allah ya tsare.

Ƙanwarka,
Zinariya.

*

Ikko,
Daren Talata.

Zuwa ga Autarmu Zinariya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin shanu, na karanta har sau uku. Rubutunki ya fi na Baffa Ubale, ki faɗa masa ni na ce. Hular kuwa ya riƙe, dama ta yi mini yawa, kansa ne daidai da ita.

Injiniya Zinariya! Oga Kingsley, wanda ya koya mini aikin nan, da na ba shi labarin farantin Iya sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce shi a kwali yake jera nasa, amma daga yau faranti zai saya. Sifirin kuwa kada ki damu, ni na zubar da fiye da goma a cikin teku kafin hannuna ya faɗa.

Ba ki taɓa ganin jirgin ba, bari in kwatanta miki. Bai kai tirelar Abdulbaƙi tsawo ba. Iska ce ke tura shi, da wasu manyan ƙyallaye biyu da ake ɗagawa a jikin dogon sanda. In iska ta cika ƙyallen, ƙarfinta ya fi na bijimai biyu, mutum ba ya iya jan igiyar da hannu. Shi ya sa ake sa winci. Aikina ke nan, in kwance su, in wanke gishirin teku, in mayar. Wanda na kawo gida mai jirgin ne ya canza sabo, ya ce in yi yadda na ga dama da tsohon. Ina ɗaga shi, sai na tuna Baba, rataye a igiya, ransa a hannun mutum shida masu gardama.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Ƙarar nan ba a rage ta. Harsunan nan biyu su ne ke hana wincin juyawa baya. Duk ƙas ɗin da kika ji, harshe ne ya faɗa cikin haƙori ya riƙe. In aka sa musu giris, za su yi shiru, su yi aiki na ɗan lokaci kamar ba komai. Daga baya giris ɗin ya sha ƙasa ya daskare, su manne a kwance, ranar da aka fi bukatarsu su ƙi tashi. Winci mai ƙara lafiyayye ne. In ya yi shiru, kada kowa ya rataya a jikinsa, ko akuya ce.

Kin ce me ya sa ban bayyana wa Baba da kaina ba? A'a, ba ki ce ba, amma na san kin yi tunani. Auta, ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In na shigo zaure yana nan, gaisuwa ce kaina a ƙasa, in wuce. Ta yaya zan tsaya in ce masa yi kaza, bar kaza? Ke kuwa a cinyarsa kika girma, har gemunsa kike ja. Shi ya sa na zaɓe ki. Ki lallaɓa shi ki faɗa masa, zai ji taki.

Ki gaida Iya, ki ce yajin da ta ba ni ya kusa ƙarewa saboda 'yan Ikko. Ki ce wa mai gidan na sauka lafiya.

Yayanki,
Abdulmuhaimin.

*

Sule Tankarkar,
Laraba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba. Na sa Iya ta kira wayarka jiya da yau, ana cewa a kashe take.

An kira Baba yasar wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha. Sun ce ta fi tamu zurfi nesa ba kusa ba. Shekaranjiya da la'asar ana shirin tafiya, Baba da Baffa Ubale da maza kamar takwas suna ƙofar gida suna shafa wa ƙafafun amalanke giris. Ni kuma na kawo musu ruwa. Sai Baba ya jawo wincin ya juya, ya ce ƙas-ƙas. Ya ce, "Kun ji ko? Ƙarfe in yana kuka yunwa yake ji. Amalanke ma in ta yi ƙara mai take nema. Yaran nan rowar mai suke yi masa."

Ya sa Baffa ya buɗe kan. Ya sa yatsa ya kwaso giris baƙi ƙirin, irin na amalanke, ya cusa ko'ina, har kan harsunan. Ya cika shi taf kamar ana cusa ƙuli a buhu. Da ya rufe ya juya, shiru. Maza suka ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Rijiya!" Baffa ya ce, "Yanzu ya ƙoshi, ya yi ladabi."

Yaya, ina tsaye da kwanon ruwa a hannuna. Baba ya ɗago ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Ko ba haka ba, Auta? Ke ce malamarsa."

Dukkansu suka juyo suna kallona. Na buɗe baki zan yi magana. Na ga in na ce a'a, na ƙaryata Baba a gaban mutane, ga su yanzu suka gama yi masa kirari. Sai na sunkuyar da kai. Suka yi dariya, wani ya ce, "Shiru ma amsa ce." Na ajiye kwanon na gudu cikin gida.

Tun da takardarka ta zo nake neman ranar da zan same shi shi kaɗai, kullum ina cewa gobe. Da dare na faɗa wa Iya. Ta ce, "Ubanki yana shiga rijiya tun ba a haifi yayanki ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba." Na yi ta roƙonta. Da ta kai masa tuwo ta ce, "Wai Auta ta ce man nan ya yi yawa." Ina jin sa ta bayan labule ya yi dariya ya ce, "Mai ba ya yawa, sai dai a rasa." Iya ba ta ƙara ba, ni ma ban fito ba.

Na yi niyyar in tashi da asuba in wanke shi a ɓoye. Kafin in fito sun ɗaura shanu sun tafi, don su ci hanya da sanyin safiya.

Don Allah, Yaya, kana karanta wannan ka kira Baffa Ubale. Kai namiji ne, kuma aikinka ne, zai ji maganarka. Ka ce su wanke harsunan da kananzir kafin Baba ya sake shiga. Na tambayi lambar Baffa don in kira da kaina, amma na san in ya ɗauka zai ce, "Amaryata ce?" ya yi ta tsokanata, in kasa cewa komai.

Ka yi sauri.

Ƙanwarka,
Zinariya.

*

Gumel,
A barandar asibiti.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban ji daga gare ka ba, wayarka har yanzu a kashe. Abdulbaƙi ya ce ya bar takardata wajen mai gadin inda kuke ajiye jirgi. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka. Baba yana da rai, wannan na fara sa wa don kada zuciyarka ta tsinke.

Baffa Ubale ne ya ba mu labari. Kwanakin farko wincin ya yi aiki lafiya, shiru kamar maciji, suna ta yabon dabarar Baba. Suna fitar da laka da yashi, ƙasa tana zuba a kansa. Ranar Litinin da safe ana sanyi sosai, Baba ya gama cika guga ya girgiza igiya a fito da shi. Baffa ya yi ta juyawa. Da aka ɗan yi nisa ya gaji, ya saki hannun don ya huta, kamar yadda ya saba. Sai wincin ya juya baya da gudu. Hannun ƙarfen ya doke shi a tsintsiyar hannu, igiyar ta zare ta saɓule tafin yaron da ke riƙe da jelar. Suka ji faɗuwar Baba a ƙasa.

Allah ya taimaka akwai laka da sauran ruwa. Mutanen ƙauyen suka taru suka jawo shi da hannu, irin na da. Aka sa shi a motar haya zuwa nan. Ƙashin ƙugunsa ne ya karye. An yi masa aiki. Wata ma'aikaciya, Sista Keziya, tana da kirki, ita ce ta ba ni wannan takardar da biro. Na tambaye ta ko Baba zai sake shiga rijiya. Ta dafa kafaɗata ta ce, "'Yata, mu roƙi Allah ya taka ƙasa tukuna."

Baffa yana nan da hannu a naɗe. Ba ya tsokanar kowa yanzu. Yana ta cewa shi ne ya saki, shi ne ya saki. Mutane masu zuwa dubiya kuma suna cewa kayan teku ba ya zama a tudu, wai dama abin Nasara ba ya rasa sharri. Wani har ya ce ɗa ya aiko wa ubansa ajali a buhu. Ina zaune ina ji. Nan ma ban ce komai ba.

Baba ba ya magana sosai. Jiya ina ba shi kunu ya ce, "Auta, kin rame." Na so in ce masa wani abu, sai kunun ya zube a zanen gado, na tashi neman tsumma.

Yaya, hannunsa nake kallo. Yatsan da ya kwaso giris ɗin, har yanzu akwai baƙi a ƙarƙashin farcen.

Wincin yana gida, an jefa shi bayan rumbu. Baffa ya ce in an sallame mu zai kira 'yan gwangwan su auna shi su tafi da shi.

Ka kira mu. Iya ba ta barci.

Zinariya.

*

Ikko,
Juma'a.

Zinariya,

Wa'alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai jirgi ne ya ce mu raka shi Kwatano ta ruwa, can kuma iska ta tsare mu, wayata ta sha ruwan gishiri ta mutu. Jiya muka dawo. Mai gadi ya miƙo mini takardunki biyu a haɗe. Na fara buɗe ta farko, ina karantawa ina neman wayar aro in kira Baffa. Sai na ga ɗayar. Na zauna a kan katakon gaɓa, ban san lokacin da aka kira sallah ba.

Kada ki ɗora wa kanki. Ni na ɗauki kayan da ya fi ƙarfina na aza miki. Na kwana shida a gida, kullum ina wuce Baba a zaure. Magana ce ta minti ɗaya: "Baba, wannan ƙarar ita ce lafiyarsa." A nan Ikko na faɗa wa Turawa, na faɗa wa masu kuɗi, har tsawa na taɓa yi wa mai jirgi da ya ɗauko gwangwanin giris. Amma a gaban wanda na kawo abin dominsa, sai na sunkuyar da kai na ce ladabi nake yi. Na bar yarinya da aikin da ni na kasa. Da-na-sani ƙeya ce, Auta, ga ta nan ina ta shafawa.

Na kira Iya da wayar Oga Kingsley. Ta sa wa Baba a kunne. Na ce, "Sannu, Baba." Ya ce, "Yauwa." Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Ya ce, "Amin." Muka yi shiru, ina jin numfashinsa, yana jin nawa, har katin ya ƙare. Ban san ko fushi yake da ni ba. Ban taɓa sanin yadda ake gane fushinsa da rashin fushinsa ba, ke ce kika sani.

Yau da safe an ba ni winci biyu in wanke. Na kwance na farko, na ɗauki harshen a tafin hannuna. Bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Na kasa mayar da shi, sai Oga ne ya karɓa.

Ku bar Baffa ya sayar da shi, kada Baba ya riƙa ganinsa. Ki gaya wa Baffa sakin hannu ba laifi ba ne, don a saki aka yi abin. Na nemi izinin tafiya gida, an ba ni. Amma ki faɗa mini gaskiya, in ganina zai ƙara masa ciwo, sai in aiko da abin da zan aiko in zauna. Na ji abin da mutane ke cewa. Abin da shi yake cewa nake son sani.

Ki riƙe Iya da kyau. Ki ci abinci.

Yayanki,
Abdulmuhaimin.

*

Sule Tankarkar,
Laraba.

Yaya,

Assalamu alaikum. An sallame mu. Baba yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Likita ya ce shi da rijiya sai dai ya leƙa.

Jiya mai gwangwan ya zo da ma'auninsa. Zaure cike da masu dubiya. Baffa ya ɗauko wincin daga bayan rumbu. Ban san lokacin da na ce, "Baffa, a ajiye shi," ba. Kowa ya ji. Na shiga na ɗauko farantin Iya da kananzir, na durƙusa a gaban Baba na kwance shi. Harsunan suna manne a kwance cikin giris da yashi, sai da na sa tsinke na ɓamɓaro su. Na ɗora a tafin Baba. Na ce, "Baba, waɗannan ne ke riƙe ka. Ba sa son giris. Ƙarar nan tasu ce. Na sani tun ranar da ka tambaye ni."

Yaya, maganar ba ta fi numfashi biyu ba. Ita ce na kasa a ƙofar gida.

Ba wanda ya yi dariya. Na wanke, na ɗiga man keke, na mayar, na juya. Ƙas-ƙas-ƙas. Baba ya ce in matso da shi kusa da kunnensa. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya daɗe idonsa a rufe. Sannan ya dubi yatsansa, ya ce wa mai gwangwan ya yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne.

Da mutane suka watse ya ce, "Auta, in za ki rubuta wa wancan na bakin teku..." Na jira. Ya ce, "Ki ce ƙarfensa ba shi da laifi. Ki ce in ya zo, kada ya wuce zaure. Ya zauna."

Na shimfiɗa tabarma ta biyu, ya ce in naɗe, guda ɗaya ta isa.

Sai ka zo.

Ƙanwarka,
Zinariya.